Ku Tambaya Mu Amsa: Hawan Dogon Tsauni Ga Sabon Shiga

Wasiƙun wannan fitowa a kan abu ɗaya suka taru: mutum bai taɓa hawan dogon tsauni ba, yana so ya fara. Akasarinsu daga cikin garin Kaduna suka zo. Tambayoyin mun taƙaita su, amsoshin kuwa mun bar su da tsawonsu duk inda magana ta shafi rai.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 29, ina buga ƙwallo, ina kuma gudu a Dandalin Murtala sau uku a mako. Na ƙudurta hawan tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya baɗi in Allah ya kai mu. Wani kamfani ya ba ni zaɓi: kwana biyar ta hanyar Marangu, ko kwana takwas ta hanyar Lemosho, wadda ta fi tsada sosai. Tunda ina da ƙarfi, ba sai in ɗauki ta kwana biyar ba? Wani matashi, Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ɗauki ta kwana takwas. In kuɗin bai kai ba, gara ka ɗaga tafiyar ka ƙara tari da ka rage kwanaki.

Ga dalili. Garin Kaduna yana kan tudun da bai wuce kimanin mita 600 daga bakin teku ba. Ƙololuwar Kilimanjaro, wadda ake kira Uhuru, mita 5,895 ce. Oksijin da ke cikin iska a can kashi 21 cikin 100 ne kamar na nan, amma iskar ta yi shara-shara, kowane numfashi kusan rabin abin da ka saba samu yake kawo maka. Jiki yana iya sabawa: numfashi ya ƙara zurfi, ƙoda ta daidaita sinadaran jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. Sai dai wannan aiki na kwanaki ne, ƙwallo da gudu ba sa gaggauta shi ko da awa ɗaya. Hasali ma samari masu ji da ƙarfi su suka fi shiga matsala, don ƙafarsu tana kai su inda jininsu bai shirya zuwa ba.

Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce: da zarar ka wuce mita 3,000, kada inda za ka kwana yau ya fi na jiya tudu da sama da mita 500, kuma bayan kwana uku ko huɗu ka maimaita kwana a wuri ɗaya. To dubi Marangu ta kwana biyar. Daren farko a Mandara, mita 2,700. Na biyu a Horombo, 3,720. Na uku a Kibo, 4,720, shi ma ba kwana cikakke ba ne, da tsakar dare za a tashe ka. Mita dubu ke nan kowane dare, ninkin abin da aka yarda da shi. Lemosho kuwa tana zaunar da kai dare huɗu tsakanin mita 3,500 da 4,000. Akwai ranar da za ka hau har Lava Tower, mita 4,600, ka ci abincin rana a can, sannan ka gangara Barranco ka kwana ƙasa da mita 4,000. Wannan hawa da rana da saukowa a kwana shi ke koya wa jiki. In lallai Marangu kake so saboda ɗakunan kwananta, ka nemi a ƙara maka dare ɗaya a Horombo, ta zama kwana shida.

Ka kuma san abin da ke jiranka a daren ƙarshe. Daga Barafu, sansanin ƙarshe kafin ƙololuwa a hanyar Lemosho, kimanin mita 4,670, ana tashi da misalin sha biyun dare. Duhu, sanyi yakan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifiri in iska ta taso, ba abin da kake gani sai dugadugan wanda ke gabanka a cikin hasken fitilar goshi. Taku ɗaya bai kai tsawon takalminka ba, ka ɗaga ƙafa, ka ja numfashi, ka ajiye. Masu jagora suna ta faɗin "pole pole", wato sannu-sannu da harshen Suwahili. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan ita kaɗai ce ke kaiwa. Awa shida zuwa bakwai kafin ka isa bakin ramin dutsen a Stella, mita 5,756, sai kusan wata awa guda zuwa Uhuru. A ranar kuma za ka sauko har wajen mita 3,100. Tafiyar awa 12 zuwa 15 ke nan.

Lokacin da ya fi dacewa daga Janairu zuwa farkon Maris, ko daga ƙarshen Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce sosai. Dokar Tanzaniya ba ta barin kowa ya hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba. Ka tanadi katin rigakafin shawara, ka nemi biza tun da wata biyu, don mai fasfon Najeriya ba a ba shi ita a filin jirgi. Kuɗin shiga gandun dajin Kilimanjaro kawai yakan tasam ma dala 1,000 a tafiyar mako guda. Saboda haka in ka ga farashi ya yi arha fiye da kima, ka sani daga abincinka ko daga haƙƙin 'yan dako aka zaftare.

Tambaya: Ni AS ce, maigidana AA. Muna so mu yi tafiyar tare. Wata ƙawata ta ce babu komai tunda ni ba mai sikila ba ce. Haka ne? Wata baiwar Allah, Barnawa.

Amsa: Hajiya, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya, don kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, kuma kamfanonin tafiya ba kasafai suke tambaya ba.

Gaskiya ne a ƙasa mai AS lafiyarsa ƙalau. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga wahala, ga ƙishirwa, wasu daga cikin ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jinin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba har kafaɗar hagu, da tashin zuciya ko amai, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu da isa tudu. Masu AS da yawa sun hau sun sauko lafiya, amma abin yana faruwa, har a tudun da bai kai rabin Kilimanjaro ba. Haɗarin shi ne a ɗauka gyambon ciki ne ko kumburin ciki, a ba ki magani a ce a ci gaba.

Shawararmu: ki ga likitan jini kafin ki biya ko kwabo. A duba har yawan jininki, don ƙarancin jini yana ninka wahalar tudu. Kada tsauninki na farko ya zama mai mita 5,000. Ki rubuta wa kamfanin matsayinki, ki tabbatar suna ɗauke da tulun oksijin, ki sha ruwa lita uku zuwa huɗu kullum. Ciwon gefen hagu in ya zo, tafiya ta ƙare, sai sauka da asibiti. Mai SS ko SC kuwa, wannan tafiya ba tasa ba ce sam. Mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai juna biyu, shi ma sai da izinin likita.

Tambaya: Na ji ana cewa kowa sai ya yi ciwon kai a sama. To yaya zan gane wanda za a daure da wanda ke kisa? Kuma maganin nan Diamox, a sha ko kada a sha? Wani malamin makaranta, Tudun Wada.

Amsa: Malam, ciwon tsauni hawa uku ne.

Na farko shi ne gama-gari. Yakan fara daga mita 2,500 zuwa sama, awa 6 zuwa 12 bayan isa sabon wuri: ciwon kai, tare da tashin zuciya, ko jiri, ko kasala, ko abinci ya fita a rai. Maganinsa kada ka ƙara hawa. Ka tsaya inda kake, ka sha ruwa, ka sha farasitamol, ka ci ko kaɗan ne. In ya lafa da safe, ka ci gaba. In bai lafa ba bayan kwana guda, ko ya ƙaru, ka sauka mita 300 zuwa 1,000, sau da yawa kafin ka kai ƙasa ma kan ya washe. Da dare kuma za ka ji numfashin abokin tantinka ya ɗauke na 'yan daƙiƙu sannan ya dawo da ƙarfi. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, haka barci yake a tudu.

Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa. Mutum ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, magana ta rikice, ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, ya ce a ƙyale shi ya kwanta. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ja layi a ƙasa, ya bi shi yana ɗora diddige a bakin yatsun ɗaya ƙafar. In ya kasa, a sauko da shi nan take, ko ƙarfe biyun dare ne, kuma kada a tsaya neman yardarsa, don hankalin da zai yanke shawarar shi ne ya taɓu.

Na uku ruwa a huhu, shi ya fi kashe mutane. Yakan bayyana a dare na biyu zuwa na huɗu. Wanda jiya yake gaba yau ya koma baya, yana haki ko a zaune, tari busasshe ya koma mai kaki, wani lokaci kumfa mai ratsin ja, leɓe ya yi duhu, in ka kara kunne a bayansa ka ji ƙirji na ƙurƙur. Wannan ba mura ba ce. A ba shi oksijin, a rufe shi da kyau, a sauko da shi, in da hali a ɗauke shi, don wahala tana ƙara cutar. Akwai magungunan gaggawa, dekzametazon na ƙwaƙwalwa da nifedifin na huhu, amma lokaci kawai suke saya maka kafin a sauka.

Diamox yana da amfani, kuma ba ya ɓoye ciwo, sabon jiki yake hanzartawa ta hanyar sa ka ƙara numfashi. Abin da aka saba bayarwa don rigakafi miligiram 125 ne safe da yamma, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari, yatsu da leɓe su riƙa yin kamar ana tsikararsu da allura, lemon kwalba ya canza ɗanɗano. Ka karɓe shi daga hannun likita, ka gwada kwana biyu a gida tukuna. Wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa yi wa mummunar illa, da mai AS, lallai su faɗa wa likita. Maganin barci da maganin tari mai kodin a bar su a gida, suna rage numfashi daidai lokacin da ake neman ƙarinsa.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: sauron Kaduna yana iya cizonka yau, zazzaɓin ya tashi bayan mako guda kana kan tsauni. Ciwon kai da jiki zafi da rawar ɗari, a tuna da maleriya. Ka yi gwaji kafin ka tashi, ka tafi da magani. Kuma duk abin da kake ji ka faɗa wa ɗan jagora da gaskiya. Ɓoye ciwo don kada a mayar da kai shi ne mafarin yawancin labaran da suka ƙare da kuka.

Tambaya: Ba mu da dogon tsauni a Kaduna. Ina zan yi atisaye? Wata ɗaliba, Malali.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙarancin iska ba a koyonsa a nan, amma ƙafa da haƙuri ana samunsu. Ki ba kanki wata uku zuwa huɗu. Sau uku a mako ki hau matakalar bene ki sauko na minti 30, ki riƙa ƙarawa har awa guda, da jaka a baya. Ki fara da kilo 5 ki kai 10. Ƙarshen mako ki yi tafiyar awa huɗu zuwa shida, a wata na ƙarshe ki yi ta Asabar da Lahadi a jere, don abin da tsauni ke nema shi ne ki tashi da gajiyar jiya ki sake tafiya. Kada ki raina gangara, ita ke cinye gwiwa da cinya. In dutse za ki hau, ki sa gorunan ruwa su zama nauyin, ki zubar a sama kafin ki sauko.

Dutsen Kufena na Zariya da duwatsun Kagoro suna koyar da taka dutse da tsakuwa. Sai duwatsun Shere na Jos, mita 1,829, sai Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya. Ku tafi a ƙungiya, ku bincika lafiyar hanya a ranar, ku sanar da mai unguwar wurin. Mai hali ya fara gwada jikinsa a tsaunin Tubkal na Maroko, mita 4,167, ko ƙololuwar Lenana ta tsaunin Kenya, mita 4,985.

Tambaya: Kayan nan tsada gare su. Zan iya haɗa su a gwanjon Kasuwar Barci? Wani tela, Kawo.

Amsa: Da yawansu ƙwarai kuwa, Malam, kuma kai da ka san yadi ka fi kowa sa'a. Abin da za ka guje wa shi ne auduga. Tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta yi sanyi ta manne a jiki ta zuƙe maka ɗumi. Singileti da wandon jins da safar auduga duk a ajiye su. Ka duba 'yar takardar da ke wuyan riga, ka nemi ulu ko foliyesta.

Sutura hawa-hawa ake sa ta, don zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita dubu: za ka fara cikin kurmi kana gumi, ka ƙare cikin ƙanƙara. Ta jiki mai kama fata, saiti biyu. Suwaita mai laushi a kai. Jaket mai kauri mai cushen gashin tsuntsu. Sai rigar ruwa da wandonta a waje. Rigar ruwan gwanjo ka juya cikinta ka duba zirin ledar da aka manna a kan ɗinki, in ya fara ɓarewa za ta yi yoyo. Safar hannu biyu, siririya a ciki, a waje mai haɗe yatsu wuri ɗaya, ta fi riƙe ɗumi. Hular da ke rufe kunne, da tabarau mai tare hasken rana sosai, da man kare fata da na leɓe. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can, leɓe ya tsage har ya hana cin abinci.

Takalmi ne ba mu so ka yi masa rowa. Na gwanjo da ya daɗe a ajiye, tafinsa yakan rududduge ya rabu a kwana na biyu. Ka lanƙwasa shi da ƙarfi, ka danna farce a tsakiyar tafin, in yana marmashewa ka bar shi. Ka gwada da yamma da safa mai kauri, ya rage wurin babban yatsan hannu a gaba, in ba haka ba farcen ƙafa zai yi baƙi a gangara. Ka taka shi mako shida kafin tafiya. Jakar barci mai jure digiri 15 ƙasa da sifiri da sandunan tafiya, haya ake bayarwa a Moshi, garin da ke gindin Kilimanjaro.

Jakar da ɗan dako zai ɗauka kada ta wuce kilo 15, taka ta baya kilo 5 zuwa 7. Ba a shiga gandun da leda ko gorar ruwan da ake sha a yar. A daren ƙarshe ka zuba ruwan ɗumi a gora mai faɗin baki, ka zura ta cikin safa, ka juya kanta ƙasa, don daga sama ruwa ke fara daskarewa. Waya da batirin fitila a aljihun ciki, sanyi yana kashe su. Dabino da gyaɗa da dakuwa guzuri ne mai kyau, su ma a aljihun ciki, in ba haka ba su yi tauri kamar tsakuwa.

Tambaya: Yaya batun salla, kuma zan iya hawa da azumi? Wani dattijo, Rigasa.

Amsa: Baba, kada a haɗa hawan da azumi. Bushewar jiki a tudu tana kauraran jini, tana kuma ƙara ciwon kai, sai a zaɓi wani watan. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da taimama saboda tsananin sanyi, ku zauna da malaminku kafin tafiya. Abin da za mu ƙara shi ne, daga Kilimanjaro alƙibla arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, ba gabas ba kamar yadda muka saba a nan. In kun yi alwala, ku busar da hannu da ƙafa sarai kafin ku mayar da safa. Ku kuma gaya wa kamfanin tun da wuri cewa abincin halal kuke so.

Tambaya: Na ga tallar tsaunin Mera a Nefal, an ce na masu tattaki ne, ba ya buƙatar ƙwarewa. Zan iya farawa da shi? Wani ma'aikacin banki, Kakuri.

Amsa: Ɗan'uwa, sunan nan "na masu tattaki" rukunin lasisi ne na Ƙungiyar Masu Hawan Tsauni ta Nefal, ba shaidar sauƙi ba ce. Mera mita 6,476 ne, ya ɗara Kilimanjaro da kusan mita 600, kuma daga ƙauyen Khare, wajen mita 5,000, kan daskararriyar ƙanƙara za ka koma. Tana da tsage-tsage masu zurfi da dusar ƙanƙara ke rufe bakinsu, shi ya sa ake ɗaure mutane a igiya ɗaya da tazara tsakaninsu. Maƙwabcinsa Imja Tse bai kai shi tsawo ba, amma ya fi shi wuya, don kusa da ƙarshe akwai bangon ƙanƙara da sai an bi igiya.

Sabon shiga yana iya hawan Mera, amma mu dai mun fi son ka taɓa kwana sama da mita 4,500 a wani tsaunin, ka ga yadda jikinka yake yi. Ka zaɓi shirin kwana 18 zuwa 20, a Afrilu da Mayu ko Oktoba da Nuwamba, ka bar kwana biyu a banza, don hazo yana yawan hana tashin jirgin Lukla, garin da ake fara tattakin. Inshorarka ta ambaci tudun da ya wuce mita 6,000 da ɗauka a jirgi mai saukar ungulu, ka karanta da idonka.

Ka tambayi kamfanin ko akwai yini guda na koyo a Khare. A nan za a nuna maka kiramfon, wato ƙarfe mai haƙora da ake ɗaura wa tafin takalmi. Ana tafiya da shi ƙafa a ware, a dasa haƙoran duka lokaci guda, don in ka haɗe ƙafafu haƙori zai kama wandonka ya kifar da kai. Za ka koyi tsayar da kanka da gatarin ƙanƙara in ka zame, da sauya ƙugiya daga igiya zuwa igiya ba tare da ka taɓa zama a sake ba. Duk wannan ka maimaita shi sanye da safar hannu mai kauri, don cire ta a mita 6,000 na 'yan mintoci yana iya jawo asarar yatsa. Takalmi mai ruɓi biyu ake sawa, ka gwada na hayar tun a Katmandu, babban birnin Nefal, inda akwai zaɓi, wanda ya matse yana hana jini zagayawa. Sannan tun a sansanin sama, wajen mita 5,800, ku tsayar da ƙarfe nawa za a juya ko an kai ko ba a kai ba, saboda rana tana ɗagawa dusar da ta rufe ramukan nan take fara laushi.